Yaya Dije da Sunan da Ake Raɗawa

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Malama Dije, wadda ta koyar da 'yan firamare a ƙasar Batsari da Safana har kanta ya yi fari. A irin wannan lokaci muka kai ta makwancinta, gero ya fara fitar da kai, ƙasar maƙabarta ta yi laushi saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa, domin na san halin mutuniyar tawa. Da tana nan, karɓe takardar za ta yi ta bi ta da jan biro, sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Isa, har ka yi furfura ba ka san inda ake sa aya ba?" Bana dai na daure. Akwai abin da ya faru bayan tafiyarta wanda ita ya kamata ta gani da idonta. Tunda Allah bai nufa ba, bari in ba ku labarin ku taya ni riƙewa.

Yaya Dije gajeruwa ce, mai saurin tafiya, mai saurin magana, mai saurin fushi kuma, sai dai fushin nata ba ya kwana. Ta fara koyarwa a wata makarantar ƙauye a gundumar Ruma, aka mayar da ita Zakka, daga baya ta ƙare aikinta a cikin garin Safana inda gidan mijinta yake. Ba ta tara abin duniya ba. Da muka buɗe akwatinta bayan sadakar bakwai, zannuwa ne 'yan kaɗan, da carbi, da wani tsohon littafin yara wanda duk wanda ya taɓa zama ajinta zai gane shi ko daga nesa. Babban ɗanta Kabiru ya miƙo mini shi ya ce in riƙe, na kawo shi gida na jefa a durowa.

Littafin ba shi da bango. Gara ta cinye shafin farko tun kafin ya zo hannunta, saboda haka har ta koma ga Allah ba wanda ya san sunansa ko sunan wanda ya rubuta shi. Yara dai "littafin Malama" suke ce masa. Ta ce a makarantar horon malamai ta tsince shi cikin tarkacen da za a ƙona. Labarin wata yarinya ne da ƙanenta da suke tafiya da iyayensu cikin ayarin fatake. Aka zo ƙetare rafi, ruwa ya taho ba zato, iyaye suka tsinci kansu a tsallake, yara a wannan gefen. Daga nan yaran suka shiga duniya gari-gari, yau a hannun mai fura, gobe a rumfar masaƙi, yarinyar ba ta taɓa sakin ƙanenta ba. Mutanen kirki suka yi ta son taimakonsu, amma duk inda aka tambaye su 'ya'yan wane ne su, sai su ce 'ya'yan Baba. In aka ce uwar tasu fa, ya sunanta, su ce Inna. Sai da yarinyar ta zama budurwa sannan suka haɗu da iyayen, shi ma bisa dace kawai.

Kowace Alhamis kafin a tashi, Yaya takan fitar da ajinta inuwar bishiyar bedi, wato darbejiya, ta karanta musu wani yanki. Na sha zuwa ɗaukarta a babur in tsaya daga gefe ina saurare, ni da nake babban mutum, ma'aikacin sashen noma. Tana karatu tana canza murya, ta yi ta mai fura, ta yi ta masaƙi, ta yi ta ƙaramin yaro mai jin yunwa, yara sun yi tsit, wasu suna jan hanci. Wani abokin aikinta ya taɓa tambayarta me ya sa take sa 'ya'yan mutane kuka da labarin baƙin ciki alhali ga labaran ban dariya. Ta ce gara yaro ya fara sanin tsoro a inuwa, kusa da malamarsa, da ya fara saninsa shi kaɗai a bakin hanya. Amma da zarar ta iso wurin da yaran suka ce "Inna", sai ta rufe littafin da ƙarfi har 'yan gaba su zabura, ta shiga faɗa da marubucin da ba ta taɓa gani ba. "Ku ji mani bawan Allah! Ya wahalar da yara shekara da shekaru a kan abin da kalma biyu za ta kashe!" Ni dai na tabbata da sun haɗu da sai ya sake rubuta littafin.

Na san inda abin yake mata ciwo. Muna ƙanana, ita ba ta wuce shekara bakwai ba, ni kuwa ɗan tatsitsi, mun taɓa ɓacewa a kasuwar Batsari. Mahaifinmu ya tsaya duba akuya, muka bi mai tallan alewa, da muka waiwaya ba Baba. Wani mahauci ya zaunar da mu a bayan teburinsa, ya yi tambayar duniyar nan, amsar dai ba ta wuce Baba da Inna ba. A nan muka wuni har rana ta yi sanyi, sannan mahaifinmu ya iso, hula a hannu, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ni abin da na riƙe daga wannan rana shi ne tsiren da mahaucin ya yi ta ba ni, har yau ban ci mai daɗinsa ba. Ita kuwa ko yanka ɗaya ba ta kai baki ba. Ta damƙe hannuna sai da yatsunta suka fito a fatata, kuma da wannan tsoro ta girma.

A makarantar Ruma ne ta tayar da hankalin gari. Wata Alhamis, bayan ta rufe littafin, ta tambayi ajin wa ya san sunan mahaifiyarsa na yanka. Hannuwa 'yan kaɗan suka tashi, su ma masu hannun kansu a ƙasa. Ta ce to aikin gida ke nan, kowa ya je ya tambayo. Kun dai san mu. Ɗa ba ya kama sunan uwarsa, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, mace ba ta kama sunan mijinta. Da kunya muka ginu, kuma ni ban ce abin banza ba ne. Amma a ce yaro ya shigo gida da jakar makaranta ya tsaya a gaban uwarsa ya ce, "Inna, mi sunanki?" ai an taɓo wuri. Wata yarinya mai suna Zulai, 'yar Malam Bawa maƙeri, uwarta tana tuƙin tuwo ta yi mata tambayar. Da muciyar aka biyo ta har ƙofar gida, tuwo yana ɗiga. Yaya ta yi shekaru tana ba da labarin Zulai da muciya tana dariya har da hawaye.

A lokacin dai ba abin dariya ba ne. Iyaye maza suka yi gayya suka zo wurin hedimasta, aka kira Malama. Wani dattijo ya ce, "Malama, karatu muka kawo maki ɗiyanmu su koya, ba fitsara ba." Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi gida da gona da bisashe, sannan ta ce, "Baba, in jikanka ya ɓace a kasuwa, wa za a yi shela a nema? Duk ƙasar nan kowace mace Inna ce." Dattijon ya shafa gemu, ya ce shi dai ba zai zauna yana ji ana kiran sunan surukarsa a filin makaranta kamar ana kiran awaki ba. Shi ma da gaskiyarsa. Yaya ta dawo gida tana huci, ta yi kwana biyu ko gaisuwa ba ta amsawa da kyau, sannan ta fito da dabarar da ta raba gardamar.

Ta ce sunan uwa ajiya ne, kamar irin shuka da ake ɓoyewa a rumbu, ba a taɓa shi sai ranarsa. Yaro zai san shi, amma ba zai faɗe shi a fili ba. Sai in ya ɓace, ya duba babban da hankalinsa ya kwanta da shi, ya ja hannun rigarsa ya ce, "Sunkuyo." Sannan ya raɗa masa a kunne, bi da bi: sunansa, sunan uwarsa da na mahaifinta, sunan ubansa, sunan garinsu. Iyaye suka ce in dai a kunne ne, ba laifi. Daga nan kowace Alhamis, kafin a buɗe littafi, sai yara su yi layi, ita kuma ta duƙa, ɗaya bayan ɗaya suna hura mata iska a kunne. Haka ta yi a Ruma, haka ta yi a Zakka da Safana. Da ciwon baya ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, cewa take yi sunayen matan ƙasar nan ne suka tanƙwara ta.

Abin da nake tsokanarta da shi kuwa, ita kanta mai wa'azin ba ta taɓa kama sunan ɗanta na fari ba. Kabiru ya girma, ya yi aure, ya ajiye gemu, amma a bakinta "wancan" ne, ko "yaron nan". Wata rana na ce mata, "Yaya, ke da kika hana mutanen Ruma sakat a kan suna, ya sunan babban ɗanki?" Ta jefo ni da mafici. Ta ce, "Ni cewa na yi ɗiya su san sunan uwa. Ban ce uwa ta zubar da kunyarta ba. Tashi ka ba ni wuri, magulmaci." Ko a ciwon ajalinta, da ta so ganinsa, cewa ta yi, "Ku kira mani shi." Duk mun san wa take nufi.

Sau da yawa ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yadda ƙasarmu ta koma. Ta rasu abin yana farawa, ana jin an kore shanun wane, an tare wane a hanya, muna cewa zai wuce. Ba ta ga lokacin da ƙauyuka suka watse ba, gonakin bakin daji suka koma saura, aka sa wa makarantar da ta fara koyarwa kwaɗo, ajujuwan cikin gari kuma suka cika da mata da yara da ƙullin kaya. Ita ɓatan da ta sani shi ne na kasuwa da na gidan biki, wanda ake warwarewa kafin magariba. Wani lokaci in ce gara da Allah ya ɗauke ta bai nuna mata ba. Wani lokaci kuma in ce a'a, irinta ake nema yanzu, mai iya faɗa kuma mai iya duƙawa. Na fi karkata ga na biyun tun abin da na gani shekara uku da suka wuce.

An kai hari wasu 'yan ƙauyuka a bayan Ruma, mutane suka fashe, kowa ya bi inda ƙafarsa ta kai shi. Da hantsi wata akori-kura ta sauke mutane a firamaren da ke kusa da gidana a Batsari. Na riga na yi ritaya a lokacin, sai ni da maiɗakina Binta muka ɗauki bokitin kunu muka nufi can kamar yadda maƙwabta suke yi. A gefe guda muka ga wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba, ta goya ƙanenta, ƙafafunsa suna reto har gwiwarta don ya wuce goyo. Cikin waɗanda aka sauke ba wanda ya san su. Direban ya ce a bakin hanya ya gan su su kaɗai ya ɗauko. Binta ba ta ko dube ni ba, ta kama hannun yarinyar muka taho gida.

Aka yi ta zuwa ana tambayarta, mai unguwa, ma'aikatan gwamnati, mu kanmu. Kowa ya tsaya a kanta ya ɗaga murya kamar da kurma yake magana. Ya sunan babanku? Baba. Uwarku fa? Inna. Daga nan ba ta ƙara ko uffan. Sunan ƙauyensu ma ta ƙi faɗa, in an matsa sai ta ƙara tamke zanen goyon. Ba ta sauke yaron sai in za su kwanta, shi ma hannunsa yana cikin nata. Shi kuwa yaron ya ƙi abinci. Binta ta dama fura, ta yi ɗanwake, ta sayo biskit, duk ya kawar da kai. Ruwa kawai yake karɓa, idanunsa suna ƙara faɗawa. Sai kuma aka ce mana yaran da ba a samu danginsu ba za a kai su gidan marayu a Katsina a ƙarshen mako. Ba mugunta ba ce, can akwai likita da abinci. Amma na san in suka bar ƙasar nan ba suna ba gari, uwarsu ko tana raye sai ta shekara tana nema. Littafin da ke durowata ya faɗo mini a rai.

Ana gab da ƙarshen makon, bayan la'asar, ina zaune a zaure a kan tabarma ina ɓarar gyaɗa, na ma daina tambayarta komai. Sai na ga inuwa a kaina. Ta daɗe a tsaye tana kallona. Can ta miƙo hannu ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, sunkuyo."

Wallahi nan take na gane kalmar Yaya. Na sunkuya. Ta kafa bakinta a kunnena ta ce, "Sunana Saratu, wannan Nura. Innata Zulai, ɗiyar Malam Bawa maƙeri. Babana Haruna." Ta faɗi sunan ƙauyensu, sannan ta ƙara da abin da ba ya cikin karatun: "Mun ɓace."

Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, ni dattijo, gyaɗa ta watse a tabarma. Binta ta fito da gudu ta zaci mugun labari aka kawo. Zulai mai muciya! Yarinyar da aka koro daga madafa saboda tambayar suna, ita ce ta girma ta yi aure, ta zaunar da 'yarta ta koya mata, har da jan hannun riga. Na tambayi Saratu me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce, "Inna ta ce a kunne ake faɗi. Su kuwa duk a tsaye suke suna tsawa." Na ce goyon fa, ba ta gajiya? Ta ce Inna ta ba su labarin wata yarinya da ruwa ya raba da iyayenta, ita ba ta taɓa sakin ƙanenta ba. Ni na zaci littafin yana durowa yana shan ƙura, ashe yana can yana yawo a ƙauyukan bayan Ruma.

Suna ya samu, saura mai sunan. Na buga waya duk inda na sani, wasu layukan ba sa shiga. Wani tsohon abokin aikina ya ce ya ji mutanen wannan ƙauye da yawa kudu suka yi, wajen Runka. Binta ta ce, "Malam, da hawan jinin naka za ka hau hanyar nan?" Na ce in ban je ba, da wane ido zan kalli Yaya gobe ƙiyama? Na roƙi ma'aikatan su dakata da yaran, suka yarda ba musu. Washegari na bi motar 'yan kasuwa zuwa Safana, daga nan mai babur ya ɗauke ni, muna tafe kowa idonsa yana bakin hanya.

A Runka na yi sallar azahar, na nemi izinin liman, na miƙe na ce ina cigiyar Zulai 'yar Malam Bawa maƙeri, matar Haruna. Aka yi ta kallon juna. Sai wani mai sayar da nama ya ce, "Ko dai matar nan ce ta gidan mai unguwa? Kullum tana bin rumfuna tana tambaya ko an ga yarinyar nan da ƙanenta. In an ce mi sunansu, ta ce yaron Nura. In an ce yarinyar fa, sai ta sadda kai ƙasa. To Nura nawa ne a ƙasar ga?" Ya ce mijin ya yi gabas neman su, bai dawo ba tukuna.

Aka yi mini sallama da ita. Ta fito ta durƙusa daga nesa, ƙafafunta duk sun farfashe, leɓɓanta sun bushe. Na ce, "Ni ƙanen Malama Dije ne." Ta ɗago kai da sauri. Na ce, "Suna gidana a Batsari, su biyun, ba abin da ya same su." Ta zube nan ƙasa, ta daɗe tana kuka ba sauti. Da ta samu kanta, tambayarta ta farko ita ce ko yaron yana cin abinci. Ta biyu kuwa, "Malama tana lafiya?" Ashe labarin rasuwar bai kai ƙauyensu ba. Na gaya mata, ta sake sabon kuka.

Halin gidanmu bai bar ni ba, sai da na yi mata faɗa. Na ce, "Ke da kika koya ma yarinya sunanki, mi ya hana ki faɗi nata? Ai da nema ya yi sauƙi." Ta ce, "Baba, na gwada. Wallahi na gwada. In na buɗe baki sai ya ƙi fita. Ɗiyar fari ce." Na buɗe nawa bakin zan ƙara, sai na tuna mai jifa da mafici, na fasa.

Da safe muka samu akori-kurar 'yan hatsi muka taho. Da muka shigo layinmu, yara sun cika bakin famfo, ana hayaniya da jarkoki. Can gaba na hango Saratu ta ba mu baya, Nura a goye, tana bin 'ya'yan maƙwabta za su sha kwana. Zulai ba ta jira mota ta gama tsayawa ba, ta dira. Ta ce, "Ke! Ke 'yar nan!" 'Yan mata da yawa suka waiwayo, ban da wadda ake kira. Ta ce, "Nura!" Yaron barci yake. Saura kaɗan su ɓace a kwanar. Sai na ga matar nan ta dafe ƙirji, a gaban direba da 'yan hatsi da dattawan da ke zaune a dakali, ta buɗe murya iya ƙarfinta: "Saratu!"

Yarinyar ta tsaya cak. Ta juyo a hankali kamar mai tsoron abin da za ta gani. Sannan ta kwaso da gudu, goyo yana tsalle a bayanta, suka zube tare a tsakiyar hanya. Ba wanda bai yi hawaye ba a layin nan, har direban da ya taho yana mita mun ɓata masa lokaci. Da kuka ya lafa, Saratu ta ɗago ta dubi uwarta da mamaki, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana?"

Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska, kunyar ta dawo mata gaba ɗaya. Layi ya kwashe da dariya, ana yi ana share ido. A ranar Nura ya cinye kwanon tuwo a cinyar uwarsa ya nemi ƙari. Haruna ya iso bayan 'yan kwanaki da labari ya same shi. Yanzu a nan Batsari suke zaune, yana noma wata gona da aka ba shi aro kusa da gari, Saratu kuma tana aji biyar. Binta ta tabbatar mini tun daga ranar nan Zulai ba ta sake kama sunan ba, an koma "ke 'yar nan". Ban ga laifinta ba, sau ɗaya aka buƙace shi kuma ya fito.

Da na ba wani matashin malamin makaranta wannan labari, ya ce mini zamani ya wuce nan, lambar waya ya kamata a haddace wa yaro. Na ce ya yi daidai, a ƙara da ita, Yaya ma da ta ƙara. Sai dai wayar Haruna a ranar tana can ɗaki inda ya bar ta ya gudu, Zulai kuwa ba ta taɓa mallakar waya ba.

Na san da Yaya tana nan ba za ta yi dogon jawabi ba. Za ta ce, "To, ka gani," ta gyara tabarau, sannan ta tambaya ko sauran yaran layin sun iya nasu. Shi ya sa na fito da littafin daga durowa. Duk Alhamis bayan la'asar yaran unguwa, 'yan gari da waɗanda gudu ya kawo, sukan taru a zaurena. Ba ni da muryoyinta, karatuna ma da tsayawa ne ina neman layi, amma in na iso wurin da yaran suka ce "Inna" nakan rufe littafin da ƙarfi in yi wa marubucin faɗa daidai gwargwado. Sannan su yi layi in sunkuya. Bayana ya fara ba ni labari. Ban ce mun fita daga wahala ba, ba mu fita ba. Amma bana na ga wasu sun koma gonakinsu na kusa, na ga gero ya yi kyau, kuma a layinmu babu yaron da zai ɓace ya rasa abin da zai raɗa. Yaya ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ko hoton kirki ba mu da shi sai na katin aiki. Wannan layin na yara shi ne gadon da ta bar mini.

Kwanan baya Kabiru ya zo daga Safana muka yi mata addu'a, na sake ba shi labarin Zulai daga farko ko da yake ya sha ji. Gemunsa ya fara furfura yanzu. Yana juya hularsa a hannu ya ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, ka taɓa jin ta kama nawa sunan? Ko sau ɗaya?"

Na so in yi masa ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Ban taɓa ji ba. Amma kai ba ka taɓa ɓace mata ba ne. Da ka ɓace, da duk ƙasar Safana ta ji shi."

Ya yi dariya, ya kifa hular a fuskarsa, ya daɗe bai cire ba. Allah ya jiƙan Yaya Dije, ya haskaka makwancinta, ya sa ranar da za a tara mu a kira ta da sunanta cikin masu rabo.